Baiti Ya Yi Kyau, Murya Ta Yi Kaushi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Marubutan Waƙa Masu Baƙuwar Murya

Akwai marubutan waƙa da duniya ta sallama wa wajen tsara baiti, amma da zarar sun buɗe baki za su rera, sai masu saurare su rabu biyu. Wasu su ce wannan murya ita ce ran waƙar, wasu su ce da ma ya rubuta ya miƙa wa wani. Ga tambayoyin da aka fi yi a wannan gardama, da amsoshinsu.

Wace irin murya ake nufi da baƙuwar murya?

Duk muryar da ta saɓa wa abin da kunne ya saba ɗauka a matsayin muryar mawaƙi. Wata ta hanci take fita, kamar ta Bob Dylan na Amurka a farkon shekarun 1960. Wata ta nutse ƙasa har ta fi kama da magana, kamar ta Leonard Cohen na Kanada a ƙarshen rayuwarsa. Ta Tom Waits shaƙaƙƙiya ce mai gurnani, ta Neil Young kuwa siririya ce mai rawa. A tsohuwar Tarayyar Sobiyet akwai Vladimir Vysotsky, wanda yake rera waƙa kamar maƙogwaronsa zai tsage. Waɗannan muryoyi ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Abin da ya haɗa su shi ne, a baiti ɗaya za ka gane mai ita, kuma malamin koyar da waƙa zai sami abin gyarawa a cikinsu.

A taƙaice, tana taimakon mai ita ko tana cutar da shi?

Tana rage masa yawan jama'a, tana ƙara masa riƙon waɗanda suka tsaya. Mai wucewa da ya ji waƙar a rediyo sau ɗaya, da wuya ya jira baiti na biyu. Amma wanda ya daure ya saurara har ta shige shi, shi ne za ka tarar bayan shekara 30 yana nan bai gushe ba, har ma ba ya son jin waƙar a bakin kowa. A ganina, ga marubucin da kalmominsa ke da nauyi, ribar ta fi asarar. Sai dai asarar ta gaske ce, kuma masoya suna yawan musanta ta ba gaira ba dalili.

Akwai hujjar cewa tana rage masu saurare, ko zato ne kawai?

Hujja tana nan a jadawalin cinikin waƙoƙi. A 1963 ƙungiyar Peter, Paul and Mary ta ɗauki "Blowin' in the Wind" ta Dylan ta rera da muryoyi masu laushi, waƙar ta kai mataki na 2 a jadawalin Billboard na Amurka. A 1965 ƙungiyar The Byrds ta kai "Mr. Tambourine Man" mataki na 1. Shi kuwa mai waƙoƙin, da muryarsa bai taɓa hawa mataki na 1 a Hot 100, babban jadawalin waƙoƙi na Billboard, ba. Iyakarsa mataki na 2, wanda ya kai sau biyu, a 1965 da 1966.

Labarin Cohen ya fi wannan bayyana. Ya fitar da "Hallelujah" a 1984, a cikin kundin da kamfanin faifai na Columbia ya ƙi fitarwa a Amurka a lokacin. Waƙar ta yi shekaru ba a damu da ita ba, sai da John Cale ya sake rera ta a 1991, Jeff Buckley ya biyo baya a 1994, sannan ta kama hanyar zagaya duniya. A watan Disamba na 2008 ta bayyana sau uku a mako ɗaya a jadawalin Birtaniya: ta Alexandra Burke a mataki na 1, ta Buckley a na 2, ta Cohen da ya rubuta ta a na 36. Haka Kris Kristofferson: waƙarsa "Me and Bobby McGee" a bakin Janis Joplin ta kai mataki na 1 a 1971, 'yan watanni bayan rasuwarta.

Waƙa ɗaya, kari ɗaya, murya da kiɗa ne babban abin da aka sauya, ciniki ya bambanta. Duk wanda ya ce murya ba ta da tasiri a kasuwa, bai dubi waɗannan alƙaluma ba.

To ba an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba?

An faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai a fahimci irin daɗin da ake nufi. Wanda ya rubuta baiti ya san kalmar da ta fi ci masa rai, ya san inda ya ɓoye zargi da inda ya ɓoye roƙo. Idan ya zo rerawa, a nan zai danna, ko da muryar ta karye a wurin. Mawaƙi mai zaƙin murya kuwa yakan danna inda muryarsa ta fi fita da kyau, wato a wasalin da zai iya ja da tsawo. Sau da yawa wuraren biyu ba sa haɗuwa. Sai ka ji waƙar baƙin ciki ta fito sumul, kowane sauti a mazauninsa, amma ba ka yarda cewa mai rerawar ya taɓa shiga halin da yake faɗa ba.

Abin da baƙuwar murya ke saya wa mai ita ke nan: yarda. Kunnen ɗan Adam ya ƙware wajen jin yanayin mai magana, tun kafin ya fahimci abin da ake faɗa. Murya mai rawa, ko wadda numfashi ke yanke mata, ko wadda ta dusashe, ta yi kama da yadda mutane ke magana idan abu ya dame su da gaske. Shi ya sa mai saurare yake jin kamar da shi ake, kamar an zaunar da shi ana ba shi labari. Kamfanin Columbia ya gane haka tun a tsakiyar shekarun 1960, har ya riƙa tallata Dylan da cewa babu mai rera waƙoƙinsa kamar shi kansa.

Amma karin maganar ba doka ba ce. Jimi Hendrix ya ɗauki "All Along the Watchtower" ta Dylan a 1968 ya sake mata fasali, har Dylan da kansa ya koma rera ta a dandali kusa da salon Hendrix. Mai waƙa ya yarda wani ya gano abin da shi bai gano ba a cikinta.

Rashin zaƙin murya da rashin iya waƙa ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma a nan gardamar ta fi rikicewa. Sautin da aka halicci maƙogwaron mutum da shi daban, iya riƙe kari ba tare da kaucewa ba daban, sanin yadda ake ɗora kalma a kan kiɗa kuma daban. Mutane suna jin na farko su yanke hukunci a kan sauran. Alhali na ukun shi ne ainihin gwanintar rera waƙa: inda za a ja, inda za a katse, inda za a ɗan makara a bar kiɗa ya wuce sannan a kamo shi, inda za a cusa kalmomi goma a gurbin da aka tanadar wa biyar kuma su zauna daram.

Willie Nelson misali ne mai kyau. A farkon shekarun 1960 a birnin Nashville an karɓe shi a matsayin marubuci, Patsy Cline ta yi fice da waƙarsa "Crazy" a 1961, amma yadda yake rerawa, wani lokaci gaban kiɗa wani lokaci bayansa, bai dace da tsarin masu shirya faifai na wurin ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970, da ya sami 'yancin shirya kundinsa yadda yake so, aka gane cewa abin da ake ɗauka aibi shi ne gwanintarsa.

Masu ba da kyaututtuka ma sun sha yarda da wannan. Dylan ya karɓi Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 1980 a rukunin rera waƙa na maza, wato saboda muryar, ba saboda rubutun ba. Cohen ya karɓi kyautar Juno ta Kanada a 1993 a matsayin gwarzon mawaƙi namiji. Mujallar Rolling Stone ta sa Dylan a na 7 a jerin manyan mawaƙa 100 da ta fitar a 2008. Mutum yana iya ƙin yarda da jerin, amma mawaƙa da masana kiɗa ne suka kaɗa ƙuri'ar.

Me ke sa murya ta yi kaushi ko ta fita ta hanci?

Iska ce ke fitowa daga huhu ta ratsa wasu tantani biyu a maƙogwaro, su riƙa kaɗawa. Saurin kaɗawarsu shi ke sa murya ta yi sama ko ƙasa. Idan suna haɗuwa daidai a kowace kaɗawa, sauti ya fita tas. Idan ɗaya ya kumbura, ko ba sa rufewa gaba ɗaya, ko kaɗawar ba ta tafiya bai ɗaya, sai a ji kaushi ko hucin iska. Daga nan siffar maƙoshi da baki da matsayin harshe su ƙarasa aikin. Idan bayan ganɗa bai toshe hanyar hanci ba, wani ɓangare na sautin ya bi ta can. Shan taba na tsawon shekaru yana kumbura tantanin ya sa murya ta yi ƙasa, yawan ihu yana haifar da ƙulli a jikinsu, tsufa kuma yana rage musu taushi.

Duk wanda muryarsa ta dusashe makonni ba ta dawo ba, likita ya kamata ya gani. Wannan ba salo ba ne.

Halitta ce, ko da gangan suke yi?

Duka biyun, kuma rabon ganganci ya fi yadda ake zato. A 1969 Dylan ya fitar da kundin Nashville Skyline da wata murya mai laushi da santsi wadda ta ba masoyansa mamaki, ya ce barin shan taba ne ya jawo. Ko mene ne dalili, abin ya nuna cewa yana da murya fiye da ɗaya, kuma yana zaɓar wadda zai yi aiki da ita. Tun yana saurayi ya koyi salon Woody Guthrie da na tsoffin mawaƙan karkara da na bulus (kiɗan baƙaƙen fatar Amurka), waɗanda ba su taɓa neman santsi ba. Tom Waits ma a kundinsa na farko a 1973 muryarsa ba ta kai kaushin da aka san shi da shi daga baya ba. A hankali ya gina ta, ya mai da ita kayan aiki, ya riƙa sauya ta daidai da mutumin da yake ba da labarinsa a kowace waƙa.

Wannan bai rage musu daraja a wurina ba. Mai zane yana zaɓar launi, marubucin da ke rera waƙarsa yana zaɓar murya.

Can da ma marubuta ne ke rera waƙoƙinsu?

A manyan kasuwannin waƙa na ƙarni na 20, raba aiki aka fi yi. A Amurka Irving Berlin ya rubuta waƙoƙi sama da 1,000, wasu suka rera. Burt Bacharach da Hal David sun rubuta, Dionne Warwick ta rera. A Masar Ummu Kulsum ta yi shekaru tana rera baitocin Ahmad Rami da karin Riyad al-Sunbati, kuma babu wanda ya ga hakan a matsayin gazawa ga ɗayansu. A finafinan Indiya an ma raba aikin huɗu: mai baiti, mai kari, mai rerawa irin su Lata Mangeshkar, da ɗan wasan da ke motsa baki a majigi.

Abubuwa biyu suka buɗe wa baƙuwar murya ƙofa. Na farko na'ura ce. Kafin 1925 ana ɗaukar sauti ne ta wani babban mazurari, dole mawaƙi ya ɗaga murya da ƙarfi. Da aka fara ɗauka da makirufo, sai mai ƙaramar murya, har mai raɗa, ya sami wurin zama. Muryar Cohen ta ƙarshen rayuwarsa ba za ta kai sahu na uku a zaure ba in babu makirufo. Na biyu sauyin tunani ne a shekarun 1960, lokacin da matasa masu saye suka fara neman mawaƙin da ke faɗin abin da ke ransa da kalmominsa. Ko a lokacin ba a karɓa nan take ba. A kundin farko na ƙungiyar Buffalo Springfield a 1966, Richie Furay aka ba wasu waƙoƙin Neil Young ya rera, don ana ganin muryar Young ba ta dace ba. Shekara 6 bayan haka, da wannan muryar Young ya hau mataki na 1 a Amurka.

Anya ba so ne ya hana masoya ganin laifi ba?

Wani lokaci shi ne, kuma ya kamata a faɗa. Idan mutum ya kai wani matsayi, masoyansa sukan mai da kowane rauni nasa ya zama hikima. Ya kauce wa kari, su ce salo ne. Ya haɗiye kalmomi har ba a jin baiti, su ce zurfi ne. Masu zuwa kallon Dylan a shekarun baya-bayan nan da yawa sun yi ƙorafin cewa sai waƙa ta yi nisa kafin su gane wadda yake rerawa, kuma ƙorafinsu yana kan hanya. Idan hujjar kare baƙuwar murya ita ce tana isar da kalmomi da gaskiya, to daren da kalmomin ba su isa kunne ba, hujjar ta faɗi a wannan daren.

Akwai wani hali kuma da ba na so: a raina wanda ya ce muryar ba ta yi masa ba, a nuna masa cewa bai waye ba. Mutum yana iya fahimtar baiti sarai, ya girmama marubucin, kuma kunnensa ya ƙi sautin. Wannan ba jahilci ba ne, kuma raina shi ba ya jawo shi kusa da waƙar.

Wanda ba ya jin harshen da aka yi waƙar fa?

A nan baƙuwar murya ta fi yin asara. Zaƙin murya yana tsallaka iyaka ba fasfo. Miliyoyin mutane sun so Lata Mangeshkar ba su san kalma ɗaya ta Hindi ba, wasu miliyoyin sun so Whitney Houston ba su jin Turanci. Amma marubucin da ƙarfinsa ke cikin baiti, idan aka cire ma'anar, abin da ya rage wa baƙo shi ne sautin nan mai kaushi, ba tare da dalilin kaushin ba.

Vysotsky ya nuna haka ƙarara. A ƙasarsa hukuma ba ta fitar da mafi yawan waƙoƙinsa ba, jama'a ne suka riƙa kwafarsu a kaset daga hannu zuwa hannu. Da ya rasu a watan Yuli na 1980, ana tsakiyar gasar Olamfik a Mosko, dubban mutane suka fito jana'izarsa duk da cewa kafofin gwamnati kusan sun yi shiru da labarin. A cikin waɗanda ba sa jin Rashanci kuwa, sunansa bai yi nisa haka ba. Duk da haka, wanda ya saurare shi ko bai ji kalma ɗaya ba zai san cewa mutumin nan yana faɗin abin da ya tsaya masa a wuya. Wannan kaɗai yakan sa wasu su nemi fassara.

Kunne yana sabawa da irin wannan murya?

Yana sabawa. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna a 1968 cewa yawan cin karo da abu yakan ƙara wa mutum son sa. Ga waƙa, saurare na farko kunne yana kan sautin, yana tambayar wannan wace irin murya ce. Sai an wuce wannan mamakin sannan hankali ke komawa kan abin da ake faɗa. Amma ba kowa ke sabawa ba, kuma babu wanda aka ɗora wa dole.

Tsufa yana ƙara wa muryar daraja ko yana ƙarasa ta?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan marubuci mai baƙuwar murya ya fi mawaƙi mai zaƙin murya sa'a. Wanda jarinsa shi ne kai wa sauti na can sama, ranar da shekaru suka hana shi kaiwa, masu saurare za su ji abin da ya ɓace. Wanda tun farko ba a zo wurinsa don santsi ba, tsufa yana ƙara masa abin da aka zo nema.

Joni Mitchell ta rubuta "Both Sides Now" tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ta ɗauke ta a 1969 da murya siririya mai tashi sama. A 2000 ta sake ɗaukarta da murya mai nauyi da ta sauka ƙasa sosai. Waƙar tana magana ne a kan wanda ya ga rayuwa ta fuska biyu kuma har yanzu bai gama gane ta ba. A bakin budurwa hasashe ne, a bakin dattijuwa shaida ce. A watan Fabrairu na 2024, tana da shekara 80, bayan jinyar da ta yi sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa a 2015, ta rera ta a zaune a bikin Grammy.

Cohen ya koma yawon waƙa a 2008 yana da shekara 73, ya cika manyan zauruka har zuwa 2013. Kundinsa na ƙarshe da ya fitar yana raye ya fito a watan Oktoba na 2016, makonni kaɗan kafin rasuwarsa, kuma waƙar da aka sa wa kundin sunanta ta sami Grammy a 2018. Dylan ya ci kyautar kundin shekara a Grammy na 1998 da muryar da ta riga ta tsattsage, kuma a 2006, yana da shekara 65, ya sake hawa mataki na 1 a jadawalin kundaye na Amurka. Mutumin da ke waƙar mutuwa da nadama da muryar da shekaru suka ci, ba ya buƙatar ya rantse kafin a yarda da shi.

Iyakar abin ita ce numfashi da fitar kalma. Idan suka tafi, tsufa ya daina bayarwa, ya fara karɓa.

Ana yi wa mata irin wannan uzurin?

Ba a cika yi ba. An fi saurin kiran namiji mai kaushin murya gwani, a kira mace mai irin ta wadda ba ta iya ba. Akwai waɗanda suka keta wannan shinge. Patti Smith ta fito a 1975 da salon da ke tsakanin karanta baiti da rerawa. Marianne Faithfull, wadda aka sani da tattausar murya a shekarun 1960, ta dawo a 1979 da murya fasasshiya, kuma aikin da ta yi da ita shi ne aka fi girmamawa a tarihinta. Amma ka ƙirga mazan da aka ɗaukaka duk da muryarsu, ka ƙirga matan, za ka ga tazarar. Hasarar ta masu saurare ce, domin akwai marubuta mata da aka tura su rubuta wa wasu, ba a taɓa jin yadda su suke jin baitocinsu ba.

Ta fuskar kuɗi fa?

Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na rubutun, wato baiti da kari, da na sautin da aka ɗauka. Duk wanda ya sake rera waƙar, marubuci yana da rabo. Saboda haka idan mai zaƙin murya ya kai waƙar kasuwar da marubucin ba zai iya kaiwa ba, bai ƙwace masa komai ba, aiki ya yi masa. Adele ta rera "Make You Feel My Love" ta Dylan a 2008, ta kai ta kunnen matasan da ba su san shi ba. A watan Disamba na 2020 kamfanin Universal ya sayi haƙƙin rubutun waƙoƙin Dylan sama da 600, a kan kuɗin da jaridu suka ruwaito ya haura dala miliyan 300.

Ita kanta muryar dukiya ce, saboda babu mai irinta. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin kayan ƙwalama na Frito-Lay ya yi tallar rediyo da wani mai kwaikwayon muryar Tom Waits, wanda ya shahara da ƙin sa waƙarsa a talla. Waits ya kai ƙara, kotu a Amurka ta ba shi diyyar sama da dala miliyan 2 a 1990, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a 1992. Da muryarsa irin ta kowa ce, da babu abin da za a kwaikwaya.

Kyautar Nobel da aka ba Dylan ba ta nuna cewa rubutun ne komai ba?

An ba shi Kyautar Nobel ta Adabi a watan Oktoba na 2016, kuma gaskiya ne saboda baitocinsa ne. Amma a laccar karɓar kyautar, wadda ya aika a matsayin sautin da aka ɗauka a watan Yuni na 2017, shi da kansa ya nuna cewa waƙa an yi ta ne don a rera, ba don a karanta a takarda ba. Akwai layukansa da idan ka karanta su za ka ga sun yi tsawo ko sun rame, sai ka ji yadda ya ɗora su a kan kiɗa sannan su miƙe. Da muryar ya auna su lokacin da yake rubutawa.

Yanzu da kwamfuta ke gyara murya, baƙuwar murya tana da sauran wuri?

Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, kuma tun daga waƙar da mawaƙiya Cher ta yi da ita a 1998 kowa ya san sautinta. Tana iya mai da sautin da ya kauce zuwa mazauninsa, amma ba ta koya wa mutum inda zai danna kalma. Da gyaran ya zama ruwan dare, muryoyi da yawa suka koma kama da juna, sai wadda aka bari da tabonta ta ƙara fita daban. Matsalar tana wani wuri: a manhajojin sauraren waƙa, tsallake waƙa taɓawa ɗaya ce. Muryar da ke buƙatar a saurare ta sau uku kafin ta shiga rai tana iya rasa damar ta biyu. Wanda ya sayi faifai da kuɗinsa a da, yakan daure ya sake sawa.

Ina rubuta waƙa amma an ce muryata ba ta da daɗi. In rera da kaina ko in ba wani?

Fara da gano abin da ake kuka da shi. Idan kana kauce wa kari ne, ko numfashi na yanke maka a tsakiyar layi, ko ba a jin kalmominka, waɗannan ana gyara su da horo, kuma bai kamata ka fake da sunan Dylan ko Cohen ka ƙi gyarawa ba. Idan kuwa asalin sautin maƙogwaronka ne bai yi wa wasu ba, wannan ka bar shi yadda yake. Kada ka ƙirƙiri kaushin da ba naka ba, domin matse maƙogwaro da gangan yana lahanta tantanin murya, kuma kunne yana gane na aro.

Ka ɗauki waƙa ɗaya sau biyu, da muryarka da ta wani gwanin rerawa, ka sa wa mutanen da ba su san wanda ya rubuta ba. Kada ka tambaye su wadda ta fi daɗi. Ka tambaye su abin da waƙar ke cewa, da layin da ya tsaya musu a rai. Ka gwada sauke karin ƙasa kaɗan, domin muryoyi da yawa da ake cewa ba su da daɗi ana tilasta musu hawa inda ba su kai ba ne. Ka rage kayan kiɗa a inda kalmomi suka yi yawa. Kuma ba dole ne hukuncin ya zama ɗaya ga dukkan waƙoƙinka ba: wadda ke buƙatar dogon numfashi da hawa sama ka ba wanda zai iya, wadda ke ba da labari ka riƙe abarka. Kafin ka miƙa kowace waƙa ga wani, ku rubuta yarjejeniya a kan haƙƙin rubutun, da sunanka a jiki.